Wai

Watan barbarar dabino ne a Unaiza.
Tun asuba nake sama,
igiya a ƙugu, ƙaya a tafin hannu,
ina cusa zangarniyar namiji cikin furen mace,
in ɗaure, in yi bismillah, in sauko.
Namiji ɗaya ya ishi mata hamsin.
Sauran mazan Abu Mish'al ya ce a sare,
shi ba ya shayar da inuwa.

Ina kan ta goma sha bakwai waya ta yi ƙara.
Muryar Inna daga Dutse, a sanyaye:
"Kubura ta sauka lafiya. To, mace ce dai kuma."
Wannan "kuma" ya fi ƙayar dabino tsini.
Wai cikinta ba ya riƙe maza.
Wai haka uwarta take.
Wai akwai mai magani a Kiyawa.

Da hantsi maigida ya aike ni Buraida
da ganye ɗari uku cikin akwatin ƙanƙara.
Ƙwallo ya shuka, kuma ya ƙi jiran shekara biyar
kafin fure ya tona asirin kowa.
Na ce da Larabcina na kasuwa:
"Likita, ganye ne fa. Ina mace, ina namiji a ganye?"
Dakta Jawahir ta juya bayan rasit, ta zare biro.

Ta ce bar ganye, mu fara da kai.
A cikin ƙwayar halittar jikinka
zare arba'in da shida ne, biyu-biyu a jere
kamar takalma a ƙofar masallaci.
Duk sun dace da juna, sai na ƙarshe.
Na mace dogo da dogo ne, Ekis da Ekis.
Na namiji wari da wari,
dogo ɗaya, guntu ɗaya, kamar an saya a gwanjo.
Uwa abin da take da shi take bayarwa,
ba ta da wani a ɗaki.
Uba ne ke zuwa da ɗayan,
shi ma a duhu ya lalubo, bai san wanda ya ɗauko ba.
Dabino ma kusan haka.
A kaji kuwa kaza ce da hukunci, zakara sai cara.

Na ɗora yatsa a kan guntun. Yaya sunansa?
Ta ce, "Wai."
Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.
Ban iya fassara mata ba.
Shekara tara ana jifan matata da wai,
ashe wai ɗin a aljihuna yake,
kuma sau huɗu bai fito ba.

Da dare, a ɗakinmu na kwano bayan famfo,
na kira gida.
Na ce Inna, in akwai mai magani, ni za a kai.
Ta yi shiru. Na ji tunkiya na kuka a bayanta.
Na ce amma ba ciwo ba ne.
Mai rabo ne ya raba, ta hannuna ya miƙo.
A ba ni Kubura.
Ba ta ce komai ba, ta kara wayar a bakin jaririya,
na ji numfashi ƙanƙani, da sauri-sauri,
har katina ya ƙare.

Ranar Laraba sakamako ya zo:
ɗari da hamsin da takwas maza.
Abu Mish'al ya zauna a bakin kwalbati, ya dafe kai,
yana lissafin ruwan da ya yi asara.
Na kawo masa gahawa.
Ya ce, "Kai fa, me aka haifa maka?"
Na ce mace.
Ya ce, "Huɗu ke nan? Gonarka ta fi tawa."
Na ɗaura igiya, na nufi layin sukari.